Kimiyya a Gareji: Idan Sitiyari Ya Fara Kuka, Me Yake Faɗa?

 A wannan mako za mu leƙa ƙarƙashin bonet, mu yi magana a kan wata ƙara da kusan kowannenku ya taɓa ji, ko da babu mota a gidanku. Duk mai shiga motar haya tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ya san ta. Direba yana ƙoƙarin fitar da mota daga tasha, da ya murɗa sitiyari sai gaban motar ya ɗauki ƙugi kamar injin markaɗe. In wani fasinja ya yi magana, amsar ɗaya ce: "Ba komai, haka take yi."

To, akwai komai. Mota ba ta da baki, da ƙara take faɗin abin da ke damunta, kuma kowace ƙara da ma'anarta. Wanda ya iya saurare zai bambance matsalar da kwalbar mai ɗaya za ta kashe da wadda za ta cinye kuɗin makarantar zango guda. Zai kuma gane wadda in aka ƙyale ta za ta iya jefa mota a rami. Abin daɗin shi ne, rabin ilimin da ake bukata yana cikin littafin Fiziks ɗinku.

Daga ina ƙarfin yake fitowa?

Ku tambayi dattawan direbobin da suka tuƙa Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Za su gaya muku yawancinsu da ƙarfin damtse ake juya su, musamman in mota na tsaye ɗauke da kaya. Motocin yau kuwa da yatsa biyu ake murɗa sitiyarinsu, saboda na'urar da kanikawa ke kira pawa sitiyari. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Francis Davis ne ya nuna irin mai aiki da mai a 1926, sannan a 1951 kamfanin Chrysler ya fara sayar da motar shiga mai ɗauke da shi.

Sassan na'urar ba su da yawa. Akwai 'yar tukunyar roba ko ta ƙarfe da ake zuba mai a ciki. Akwai famfo, wanda inji ke juyawa ta hanyar bel. Akwai tiyon da ke kai mai da wanda ke dawo da shi. Sai kuma rak, wato doguwar sandar ƙarfe mai haƙora da ke kwance tsakanin tayoyin gaba, wadda ke tura su dama ko hagu. A jikin sandar nan akwai fistin a cikin bututu. Idan direba ya murɗa sitiyari dama, wani bawul yana buɗe wa mai hanya ya danna fistin ɗin ta gefe guda. In ya murɗa hagu, man ya danna ta ɗaya gefen. Direba yana nuna hanya ne kawai, man ne ke yin turin.

Nan ne ka'idar Blaise Pascal, masanin nan na Faransa da ya rayu daga 1623 zuwa 1662, take shigowa. Ka'idar ta ce idan aka matsa ruwan da ke rufe cikin wani abu, matsin yana isa ko'ina a cikinsa ba tare da ya ragu ba. Ku tuna kuma da lissafin da kuka yi a aji: ƙarfi daidai yake da matsi sau faɗin wurin da ake dannawa. Bari mu gwada. A ce famfo ya kai matsin ba 80. Ba ɗaya daidai yake da niyuton 10 a kan kowane murabba'in santimita, ke nan muna da niyuton 800. A ce faɗin fistin murabba'in santimita 8 ne. Idan muka ninka, mun sami niyuton 6,400, wato nauyin kusan kilo 640, kusan buhu 13 na shinkafa mai kilo 50. Wannan shi ne irin ƙarfin da ɗan man da bai fi lita ɗaya ba yake taya direba da shi.

Ga wani kwatancin. Iskar da ta dace da tayar ƙaramar mota takan nuna 30 zuwa 35 a ma'aunin mai faci. Da wannan ma'aunin, matsin da ke cikin tiyon sitiyari yana iya haura 1,000 idan aka murɗa har ƙarshe. Ku riƙe wannan adadi, zai yi mana amfani in mun zo maganar kiyaye lafiya.

Ba kowace mota ke da wannan man ba

Kafin a fara komai, a tabbatar da irin sitiyarin motar. Tun 1988 kamfanin Suzuki ya fito da sitiyari mai aiki da lantarki, kuma yawancin ƙananan motocin da ake ƙerawa yau irinsa gare su. Toyota Corolla daga samfurin 2009 da Camry daga samfurin 2012 suna cikinsu. Waɗannan ba su da famfo, ba su da tukunya, ba su da man da za a juye. In sitiyarinsu ya yi nauyi, yawanci wata fitila mai hoton sitiyari takan kunnu a gaban direba, kuma batir da fis da wayoyi ake fara dubawa. Akwai kuma masu haɗa biyun, irin Peugeot 307, inda lantarki ke juya famfo amma akwai mai.

Tsofaffin Golf da Sharan da ke jigila a hanyoyinmu, da tsofaffin Corolla da Camry da Accord da ke gidaje da yawa, masu mai ne. Hanyar ganewa ita ce a buɗe bonet a nemi 'yar tukunya mai hoton sitiyari a murfinta, ko mai rubutun da ya ambaci sitiyari.

Ƙara biyar, ma'ana biyar

A tsayar da mota a wuri mai shiru, a ja birkin hannu. Babba ya zauna a kujerar direba ya tayar da inji, ku kuma ku tsaya a gefe ku kasa kunne. Ya murɗa sitiyari a hankali dama da hagu, sannan ya ɗan taka totur. Ga abin da za ku iya ji.

Ta farko ita ce ƙugi ko gurnani mai tsawo, wanda ke ƙaruwa idan aka murɗa sitiyari ko aka taka totur. Wannan daga famfo yake, kuma mafi yawan lokuta yana nufin mai ya yi ƙasa ko iska ta shiga cikinsa. 'Yan uwanmu da ke zuwa noman rani a fadamar Argungu ko ta Birnin Kebbi sun riga sun san wannan darasi. Idan tiyon da injin ban-ruwa ke zuƙo ruwa da shi ya huje, ko bakinsa ya saki, muryar injin takan canja, ruwa ya riƙa fitowa yana yankewa. Shi ya sa manomi ke naɗe bakin tiyon da roba tamau. Famfon sitiyari ma haka yake. Ruwa ba ya matsuwa, amma iska tana matsuwa, don haka in kumfa ta cakuɗa da mai, sai famfo ya riƙa niƙa kumfar yana kuka, ƙarfin da ke isa ga fistin ya ragu. Wani lokaci mai laifin ɗan zoben roba ne da ke bakin famfo, wanda ya tsufa ya ƙandare. Ba ya barin mai ya zuba waje, amma yana barin iska ta shiga. Honda Accord na 2003 zuwa 2007 masu silinda shida sun yi suna da wannan, kuma kukan ya fi fitowa da sanyin safiya.

Ta biyu ita ce tsuwa mai kaifi mai shiga kunne, wadda kan fito da zarar an tayar da mota, ko an murɗa sitiyari har ƙarshe, ko bayan an ratsa ruwa. Wannan bel ne ke zamewa a kan fuli, ko don ya saki, ko ya cinye, ko mai ya ɗiga a kansa. Juye mai ba zai yi mata magani ba.

Ta uku ita ce ƙas-ƙas-ƙas, wadda ake ji sai mota na tafiya tana shan kwana sosai. Wannan ba ta shafi man sitiyari ba. Kan shaf ne, wanda ke kai wa tayar gaba ƙarfin inji, kuma yawanci robar da ke rufe shi ce ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga.

Ta huɗu ita ce ƙwanƙwasa idan aka faɗa rami ko aka hau kwalta mai gargada, wani lokaci tare da sitiyari mai wasa, wato a murɗa shi kaɗan tayoyi ba su amsa ba. Wannan daga gaɓoɓin ƙafar mota take, irin su tarod da boljoyin. Ita ce mafi haɗari a cikin biyar ɗin, domin in ɗaya daga cikinsu ya tsinke ana gudu, taya ta daina bin umarnin direba. Motar da ke wannan ƙara gareji ya kamata ta nufa, ba tasha ba.

Ta biyar ita ce ɗan huci da ake ji idan aka kai sitiyari ƙarshe aka riƙe. Wannan ba cuta ba ce. Akwai bawul a cikin famfo da ke buɗewa ya saki matsi in ya kai maƙura. Sai dai riƙe sitiyari a haka yana dafa mai yana gajiyar da famfo, don haka kada a wuce daƙiƙa kamar biyar. Duk mai neman wurin ajiye mota a cunkoson Matan Fada lokacin bikin kamun kifi ya kula da wannan.

Idan kuwa babu ƙara ko kaɗan amma sitiyari ya yi nauyi, a fara duba iskar tayoyin gaba. Tayar da ba ta da iska tana manne wa ƙasa, juya ta sai da ƙarfi.

Abin da man zai gaya muku

In ƙarar ta farko ce, sai a kashe inji, a zare makulli, a goge murfin tukunya da kewayensa da tsumma mai tsabta kafin a buɗe. Wannan gogewar tana da muhimmanci a wurinmu, domin ƙurar hunturu da ta taru a murfi in ta faɗa ciki yashi ce a cikin famfo.

A duba yawan man. Akwai layin MIN da MAX a jikin tukunya ko a tsinken da ke manne da murfi. Wasu suna da ma'auni biyu, ɗaya an rubuta COLD, na lokacin da inji ke sanyi, ɗaya HOT, na lokacin da ya yi zafi, domin mai yana kumbura in ya ɗau zafi. Ku lura da wannan: inji ba ya ƙona man sitiyari. In ya ragu, to yoyo yake yi a wani wuri. A shimfiɗa kwali ƙarƙashin gaban mota da dare, da safe ɗigon zai nuna wajen. Wuraren da aka fi zargi su ne bakin tiyo, jikin famfo, da robobi masu kama da zugazugi da ke ƙarshen rak dama da hagu. In an matsa robar aka ji ta cike da mai, to sil ɗin cikin rak ya mutu.

Sai a ɗiga man a kan farar takarda, a ɗiga sabo a kusa da shi. Lafiyayyen mai garau yake, ko ja ne, ko ruwan zuma, ko kore. Wanda ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna ya gama aiki. Mai kumfa iska ce ta shige shi. Wanda ya koma kamar shayi mai madara ruwa ne ya shige shi, abin da kan faru in mota ta kutsa ambaliya irin wadda kwarin Rima ke gani a watannin Agusta da Satumba, ko in mai wankin mota ya fesa wa inji ruwa da ƙarfi. In kuwa kun ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a takardar, famfo ya fara cin kansa, kuma sabon mai ba zai dawo da abin da ya cinye ba.

A haska tocila cikin tukunyar. Da yawa suna da 'yar rariya a gindi. In ta toshe da dauɗa, famfo ba zai sami isasshen mai ba, zai yi ta kuka ko da tukunya a cike take. Wanke ta ko canja tukunyar ya fi sayen famfo araha nesa ba kusa ba.

Littattafan motoci da dama ba su yanke lokacin juye wannan man ba, cewa kawai suke yi a riƙa dubawa. Amma ƙasar da zafinta ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ga ƙura, ga hanyoyin fadama masu yashi da ake bi da lodin shinkafa, tana tsofar da mai da wuri. Launi da wari su ne alƙalai.

Wane mai za a saya?

A nan ne aka fi yin ɓarna. Man sitiyari ba iri ɗaya ba ne. Tsofaffin Toyota yawanci jan man giyar otomatik suke sha, wato ATF mai lambar Dexron. Honda tana da nata na musamman, kuma kamfanin ya hana a zuba mata ATF. Golf da Sharan da wasu motocin Turai koren mai suke so, irin mai lambar CHF 11S. Launi kaɗai ba hujja ba ne. A karanta abin da ke rubuce a murfin tukunya ko a littafin motar, a je shago da sunan a takarda. A sayi kwalba mai hatimi, a guji wanda ake aunawa a gorar lemo a bakin titi, domin ba a san abin da ke ciki ba. Araha ba ta ado.

Abu biyu kada su kusanci tukunyar nan. Na farko baƙin mai na inji, domin ya yi mata kauri. Na biyu man birki, mai lambar DOT 3 ko DOT 4, wanda sinadarinsa daban ne kuma yana lalata robobin sitiyari. Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne a zuba man sitiyari a tukunyar birki. Robobin birki za su kumbura, birki ya ƙi kamawa. Tukwanen biyu duk suna ƙarƙashin bonet ɗaya, don haka a karanta murfi sau biyu kafin a zuba.

Yadda ake juyen

Sharaɗinmu na kullum yana nan: ba ɗalibin da zai yi wannan aiki shi kaɗai. Sai tare da mai motar ko ƙwararren bakanike. Kuma dokar ƙasa ba ta ba wanda bai kai shekara 18 ba lasin tuƙi, don haka gwajin mota a titi aikin babba ne.

Hanya ta farko mai sauƙi ce. A sami babban sabon sirinji da ɗan siririn tiyo. Inji a kashe kuma a sanyaye, a zuƙe man da ke cikin tukunya, a cika da sabo zuwa layi. A tayar da inji, a murɗa sitiyari dama da hagu sau da yawa, a kashe, a sake zuƙewa. Kowane zagaye yana fitar da wani kaso ne kawai, domin sauran man yana cikin famfo da tiyo da rak. Bayan zagaye uku ko huɗu launin zai washe. Wannan hanya ta isa ga man da ya tsufa amma bai lalace sosai ba.

Hanya ta biyu tana fitar da kusan duka, kuma ita ta dace da man da ya ƙone ko ruwa ya shiga. A tanadi lita biyu na sabon mai, da filaya, da mazurari, da tsumma, da gorar da za ta karɓi tsohon.

Na ɗaya, a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin baya da katako. A ɗaga gaban mota har tayoyin biyu su bar ƙasa, a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe na tallafe mota. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne, bulon siminti ma yana fashewa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi.

Na biyu, a zuƙe man tukunya da sirinji. Tukunyar tana da tiyo biyu masu kilif. Mai kaurin yana kai mai ga famfo, siririn kuwa shi ke dawo da shi. A cire siririn, a toshe bakin da ya bari a jikin tukunya, a saka ƙarshen tiyon cikin gora. Tiyon da ke da kan ƙarfe mai noti, wanda ya fito daga famfo, shi ne mai ɗauke da matsi, ba ruwanmu da shi.

Na uku, a cika tukunya da sabon mai. A juya makulli yadda sitiyari zai saki, amma kada a tayar da inji. Mutum ɗaya ya riƙa murɗa sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe, fistin zai riƙa turo tsohon mai cikin gora. Ɗayan ya tsaya yana ƙara sabo, kada ya bari tukunya ta ƙafe. Dalilin barin inji a kashe shi ne, famfo yana iya kwashe tukunyar cikin 'yan daƙiƙoƙi ya koma juyawa a bushe.

Na huɗu, da zarar man da ke fita ya yi kama da sabo, a mayar da tiyo, a ɗaure kilif, a cika zuwa layi.

Na biyar shi ne fitar da iska, kuma shi masu gaggawa ke tsallakewa. Tayoyi suna sama, inji a kashe, a murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20, ana ƙara mai in ya sauka. Sannan a tayar da inji, a sake murɗawa a hankali. In kumfa ta taso, a kashe a jira ta kwanta, a maimaita. Idan mai ya tsaya garau a kan layi, a sauke mota, babba ya zaga da ita, a dawo a sake duba ma'auni da wuraren yoyo. Kada a cika fiye da MAX.

Muddin inji na aiki, hannu da hannun riga da gyale da hijabi su yi nesa da bel da fanka. Kada a shafa tiyon matsi da hannu ana neman yoyo, domin man da ke fita ta ƙaramar huda da matsin da muka ambata yana iya huda fata. A goge duk wanda ya zube, musamman kusa da salansa, domin yana kama wuta. Tsohon man kuma a rufe shi a galan mai alama, nesa da ƙanne, a kai gareji. Wanda aka tuttular a kwata, ruwan sama ne zai kai shi gulbi, inda masunta ke kamun kifi manoma ke ban-ruwa.

In kukan bai daina ba

Idan mai sabo ne, babu kumfa, rariya a wanke, bel lafiya, amma ƙugin na nan, sai yanzu ne zargi ya hau kan famfo da hujja. Ku lura da jerin da muka bi: iskar taya, yawan mai, bel, zoben roba, rariya, juye, sannan famfo, rak a ƙarshe. Daga mai araha zuwa mai tsada ke nan. Wanda ya fara da sayen famfo alhali zoben roba ne ya mutu, zai biya kuɗi mai yawa, ya koma gida da kukansa. Wanda kuma ya yi ta ƙara mai kowane mako bai nemi yoyon ba, wata rana tukunyar za ta ƙafe a tsakiyar hanya.

In hakan ta faru, ko bel ya tsinke ana tafiya, sitiyari bai rabu da tayoyi ba, nauyi kawai zai yi, musamman in gudu ya ragu. Direba ya riƙe da hannu biyu, ya rage gudu sannu a hankali, ya sauka gefe. A motoci da yawa bel ɗaya ne ke juya famfon sitiyari da na'urar cajin batir, a wasu har da famfon ruwan lagireto, don haka ci gaba da tafiya yana iya dafa inji. Akwai kuma ɗabi'ar kashe inji a gangara don tsimin fetur. Da inji ya mutu famfo ya tsaya, kuma bayan taku ɗaya ko biyu birki ma zai yi tauri. Fetur ɗin da aka tsimi bai kai ran fasinja ɗaya ba.

Yadda za ku faɗa a gida

Sanin abu daban, iya faɗinsa daban. Dattijon da ya shekara 20 yana tuƙi ba zai ji daɗi yaro ya ce masa bai san motarsa ba. Tambaya ta fi gyara shiga. Kana iya cewa, "Baba, mun karanta cewa irin wannan ƙugin wani lokaci ƙarancin mai ne. In ka ba ni izini, mu duba tare kafin ka fita." Ke ma kina iya cewa, "Kawu, na ga ɗigon jan mai inda motar ta kwana, ko in nuna maka?" A gareji kuma, "Maigida, don Allah a nuna mini tsohon man a takarda in gani." Bakanike na gari yana jin daɗin mai tambaya da ladabi. Ku tuna dai ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Abin da muka kawo ya isa ku gane alama ku yi tambaya mai ma'ana, bai mayar da ku ƙwararru ba tukuna.

Wanda ya ji abin ya shiga ransa, hanya a buɗe take. Hukumomin WAEC da NABTEB suna shirya jarrabawa a fannin gyaran mota, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi tana koyar da aikin injiniya. 'Yan mata ma ba a bar ku a baya ba, domin a Sakkwato maƙwabciyarmu akwai garejin da mata ke gyaran mota, ƙarƙashin ƙungiyar Nana. Hutun zango ɗaya a gareji, da izinin iyaye, zai sa ka'idar Pascal ta zauna muku fiye da haddar dare goma.

Ga aikin wannan mako. Na ɗaya, idan matsi ba 60 ne, faɗin fistin kuma murabba'in santimita 7, niyuton nawa ke tura rak, kuma buhun shinkafa nawa ke nan mai kilo 50? Na biyu, da izinin mai mota, ku duba murfin tukunyar sitiyari na motoci uku, ku rubuta irin motar da irin man da aka ce a zuba mata. In ba ku ga tukunya ba, ku rubuta dalilin da kuke zato. Ku aiko mana da amsa tare da sunanku da ajinku da makarantarku, za mu buga waɗanda suka dace.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A yi karatu lafiya.